Ranar da Masa Ta Fitar da Mu Kunya

A duk shekarun da na yi ina aiki a gidan abincin nan, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce wata Asabar cikin damina, ranar walimar sallamar Saje Manjo Okon. Ku da kuka fara aiki da mu kwanan nan ya kamata ku ji labarin daga bakina.

A lokacin ni Saratu ni ce uwar kicin, wato babbar mai girki. Tsarin gidan kamar yadda kuka same shi ne: Hajiya Binta mai gida a sama, sai manaja mai kula da sayayya da karɓar baƙi, sai uwar kicin, sannan masu kai abinci tebur da masu wanke-wanke. Sai dai a wancan zamanin maganar manaja ce ta ƙarshe, har a kan abin da ke cikin tukunya. Manajan namu Kabiru ne, ɗan yayan Hajiya. Ba mugun mutum ba ne, amma gani yake girki aiki ne da kowa zai iya, kuma ba ya son a ce masa a'a a gaban ma'aikata.

Saje Manjo Okon mutumin Kudu ne, soja a barikin Shadawanka da ke nan Bauchi, lokacin ajiye aikinsa ya yi. Ga wanda bai san tsarin soja ba, saje manjo shi ne uban ƙananan sojoji a bariki, hafsoshi ma suna sauraronsa. Matarsa Madam Grace tana da shago a kasuwar barikin, Hausa a bakinta kamar 'yar cikin gari. Ita ta zo da kanta ta kama zaurenmu, ta ce shinkafa da miyar kaji take so. Har kicin ta shigo muka gaisa. Ta ce mini mijinta bai taɓa yarda a yi masa wani taro ba, wannan ma da ƙyar ta shawo kansa, don Allah kada mu ba ta kunya.

Juma'a ranar hutuna ce, Hajiya kuma ta tafi Jos biki. Kabiru ya sa mataimakana suka dafa miyar tun yammacin Juma'ar aka saka a firji, wai don a rage aikin safe. Aka yi ruwa da iska, wuta ta ɗauke, shi kuwa ya hana a tayar da janareta. Da na zo da safe na buɗe tukunyar, sai ga kumfa a sama, warin tsami ya bugi hancina. Naman ma ya fara yauƙi.

Na je ofis na faɗa masa. Ya ce a ƙara attaruhu da garin kori a sake tafasawa, ba wanda zai gane. Na ce masa wannan miyar ba za ta fita daga hannuna ba, kuma akwai sauran lokaci, a sayo wasu kajin in dafa sabuwa. Daga ƙarshe ya ce ya ji, shi zai aika a kawo kajin, ni kuma in je kasuwa in karɓo tarwaɗar da za mu yi wa baƙin yamma, tunda ni mai kifin ya sani. Na yarda na tafi. Ruwa ya tsare ni a kasuwa, keken haya ya yi wuya, ban dawo ba sai da aka idar da azahar.

Tun daga bakin ƙofa na san ba lafiya. Zaure cike da mutane, sojoji cikin kayan gida, matansu cikin anko, ga yara, amma ba ka jin ƙarar cokali. Daga baya na ji cewa sun daɗe a zaune ba wanda ya kawo musu ko ruwa, ga fanka a tsaye, ga zafin da ke biyo bayan ruwan sama. Da abincin ya zo kuma, shinkafar ta huce, miyar ta yi jawur da attaruhu. Miyar jiya ce.

Madam Grace tana tsaye a gaban Kabiru da faranti a hannu, tana ce masa cikin ladabi ya sansana ya ji. Ko kallon farantin bai yi ba.

"Madam, abincinmu ke nan," in ji shi. "Kowa yana ci, ba a taɓa ƙorafi ba. In bakinku ne bai saba da irin namu ba, wannan ba laifinmu ba ne."

Na ga idon Madam Grace ya kawo ruwa. Saje Manjo ya miƙe a hankali, ya ɗauki hularsa, ya yi wa mutanensa alama da hannu su tashi. A teburin da ke kusa da ni wata mata tana ƙoƙarin ba 'yarta loma, don yarinyar tana kukan yunwa. Na ajiye bokitin kifin, na riƙe hannun matar na ce kada ta ba ta. Sannan na ce wa Yakubu, babba a cikin masu kai abinci, su kwashe farantan nan duka.

Na je gaban Saje Manjo na durƙusa. Na ce masa miyar nan ta lalace, bai kamata ta zo gabansu ba, kuma maganar da aka faɗa wa matarsa ba daidai ba ce. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi magana da Hausarsa ta bariki.

"Kai ne mai dafa abinci?"

"Ni ce, Baba, amma wannan ba daga hannuna ta fito ba. Ku zauna. In Allah ya yarda ba za a kira la'asar ba sai kowa ya ƙoshi."

Ya juya ya kalli matarsa. Ta goge ido da bakin gyale ta ce, "Saratu, na ba ki dama." Ya ajiye hular ya zauna, sauran ma suka koma kujerunsu.

Kabiru ya biyo ni kicin yana huci, ya ce na tozarta shi a gaban baƙi, in ɗauka daga yau na bar aiki. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba, don ina da 'ya'ya a makaranta kuma aikin nan ne abin dogarona. Amma na ce masa na ji, sai dai zan tafi ne bayan baƙi sun ci. Yakubu bai jira izinin kowa ba, ya ciro mukullin janareta daga inda yake rataye ya je ya tayar. Fankoki suka juya, aka bi tebur-tebur da ruwan sanyi da lemo.

Sabuwar miyar kaji ba za ta yiwu ba a ɗan lokacin da ya rage. Sai na tuna da Inna Hauwa, ƙanwar mahaifiyata, mai sayar da masa a unguwar Ɗan Iya. Safe da yamma take suya, na san a daidai wannan lokacin ƙullun yamma ya tashi, miyar taushe kuma tana kan wuta. Na kira ta na faɗa mata halin da nake ciki a taƙaice. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko akwai gawayi a wurinmu. Na ce akwai. Ba a jima ba sai ga ta da keke biyu, ɗaya ɗauke da ita da tandarta da robobin ƙullu, ɗaya da tukunyar miya da maƙwabciyarta da ke taya ta suya.

Muka kafa murhu a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ni kuma na shiga kicin na gyara tarwaɗar nan, na ɗora farfesu da citta da kanumfari da ɗanyen attaruhu. Masu wanke-wanke suka bar abin da suke yi suka zo yankan albasa, ba wanda ya sa su.

Ƙanshin masa ne ya fara fito da matan daga zaure. Suka kewaye Inna suna kallon yadda take zuba mai, ta zuba ƙullu, ta juya. Madam Grace ta tuɓe gyalenta ta ɗaura a ƙugu, ta ce a ba ta cokalin ta gwada. Ta farko ta farfashe. Inna ta ce mata ai masa ba ta son gaggawa, sai ta kira ki da kanta. Aka kwashe da dariya, dariya ta farko a gidan nan tun safe. Yara muka fara ba wa, da ɗan suga a kai. Daga nan faranti ya riƙa tafiya da zafinsa, masa da miyar taushe, farfesu a gefe.

Saje Manjo da kansa ya jawo kujera zuwa bakin rumfar. Ya ce duk zaman da ya yi a Bauchi, a leda ake kawo masa masa ta huce, bai taɓa cin ta daga tanda ba sai yau da zai tafi. Abokan aikinsa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin alherinsa, wani ya ɗauko waƙar fareti suka amsa gaba ɗaya. Da ladan ya kira la'asar, Musulmin cikinsu suka tashi alwala suna cewa cikinsu ya cika har ruku'u zai yi wuya.

Ana cikin haka motar Hajiya ta tsaya. Kabiru ya tare ta tun a waje ya faɗi nasa. Ta shigo kicin fuska a ɗaure ta ce, "Saratu, me nake ji haka?" Sai na ɗaga murfin tukunyar jiya. Ta matso, ta ja da baya, ta mayar da murfin da kanta. Daga nan ta wuce wurin Saje Manjo da matarsa ta ba su haƙuri a gaban kowa.

"Hajiya, yaronka ya zage mu," in ji Saje Manjo. "Amma ya wuce. Wannan mata, ka riƙe shi hannu biyu."

Washegari Hajiya ta tara mu duka. Ta ce daga ranar, abin da ke cikin tukunya hurumin uwar kicin ne, ba farantin da zai fita sai ta ɗanɗana, kuma in ta ce a zubar, ko ita Hajiya ba za ta hana ba. Kabiru ta mayar da shi shagonta na kasuwa, amma sai da ta sa ya je bariki ya ba Madam Grace haƙuri. Ya je, kuma yau muna gaisawa da shi lafiya lau. Inna Hauwa ta samu rumfar nan da kuke gani, mutanen bariki kuma suka mayar da nan wurin sunansu da walimarsu. Bayan wani lokaci aka ba ni kujerar manaja.

Abin da na koya shi ne, mutumin da ya zauna a teburinka amana ya ba ka, domin bai ga abin da aka yi a kicin ba. Baƙo yana yafe jira, yana yafe gishiri in ya yi yawa, har abincin da ya lalace yana yafewa in ka fito ka faɗa masa gaskiya. Abin da ba ya yafewa shi ne a raina masa hankali. Saboda haka duk ranar da tukunya ta lalace a hannunku, ku zo ku faɗa mini. A gidan nan ba a korar mutum don ya zubar da miya. Wanda ya kai ta gaban baƙo, shi ne zai tafi.