Madina Mai Kitso da Kaushin Bakinta

Madina mai kitso ba ta da farin jini a unguwarsu da ke bayan kasuwar Daura, kuma ba ta taɓa neman sa ba. Bazawara ce, doguwa, baƙa, mai kaushin baki. Mijin da ta aura ya ƙare zamansu yana kiran ta gawayi a gaban baƙi, har ta daina duba madubi. Da auren ya mutu ta dawo gidan mahaifinta, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kama kitso.

Yawancin masu zuwa 'yan mata ne. Da zarar kan yarinya ya hau cinyarta, sai ta fara tambaya: wa ke zuwa zance wurinki, iyayenki sun san shi, ya taɓa zagin ki? Idan wata ta ce saurayi ya nemi ta tura masa hoto babu ɗankwali, Madina kan ja gashin ta ce, "Mai son ki ƙofar gidanku zai zo, ya gaida babanki."

Samarin unguwa suka tsane ta. In ta gifta ta gaban majalisarsu sai su yi tsaki.

Wata ranar Alhamis Firdausi, 'yar maƙwabciyarta Yelwa, ta zo kitso fuskarta duk ta saɓule. Madina ta matsa mata, sai yarinyar ta ciro kwalbar man canja fata daga jaka. Saurayinta Mansur, dillalin awaki, shi ya kawo mata, wai abokansa na yi masa dariya yana neman baƙa. Madina ta karɓi kwalbar ta juye a kwata.

"Ki gaya masa ni na zubar. Babu abin da ya samu fatarki, idonsa ne ke da ciwo."

Washegari Mansur ya faka babur a ƙofar gidan yana ɗaga murya. "Naki auren ya gagare ki, shi ne za ki ɓata na wasu?"

Ta fito riƙe da tsinken kitso. "Kai yaro, ba akuya ka gani ba da za ka gyara don kasuwa. Bar min ƙofar gida."

Yelwa ma ba ta gode mata ba. Ta shigo ko sallama babu, ta ce, "Madina, ki fita harkar 'yata. Yaro da sana'arsa za ki kore mana shi?" Ta kai ƙara wurin mai unguwa, shi kuma ya ce Madina ta tsaya a kan kitsonta.

"Ranka ya daɗe, kitso da hannu ake yi," in ji ta. "Bakina kuwa ba zan ɗinke ba."

Iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu. Wani ya dinga zuba mata shara a bakin ƙofa. Abin ya yi mata ciwo, har ta yi tunanin komawa Sandamu wurin yayanta Kabiru, amma ta fasa.

Bayan damina Firdausi ta sallami Mansur da kanta, ranar da ya fizge wayarta yana bincike a gaban ƙawayenta. An hana ta shiga gidan Madina, sai dai ta ɗaga mata hannu daga nesa in mahaifiyarta ba ta kusa. Yelwa kuwa har yau in suka haɗu da Madina a gidan biki, tashi take ta sauya wurin zama.