Wa Ya Yanka Kazar?

Ni ban ji kiran Ubangiji ba. Maigidana ne ya ji, ni bin sa na yi.

Ban yi makaranta ba. A zumuntar mata na koyi karatu, da Littafi Mai Tsarki, ina bin layi da yatsa. Ubana bamaguje ne. Na shiga coci saboda wani tela mai wa'azi a kasuwar ƙauyenmu, wanda daga baya ya aure ni. Muka koma birni, muka haifi ɗa guda. Rikici ya zo, aka ƙona unguwarmu, yaron bai fito ba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kai.

Bayan haka maigida ya fara cewa ana kiransa ƙetare. Wai akwai masu jin Hausa a Amurka, ba mai gaya musu bishara da harshensu.

Na ce, "Baban yaro, mutane neman abinci suke zuwa can. Kai wa'azi za ka kai?"

Ya ce, "Ki yi addu'a, ki ji da kanki."

Na yi. Ban ji komai ba. Amma ba abin da ya rage mini a garin sai kabari, sai na ɗaure kaya.

Wata coci a New York ta yi mana takardu, ta sama mana ɗaki a wani dogon bene a unguwar Park Hill. A cikin lifta na fara jin Hausa, ta Gana da ta Nijar, murna ta kama ni. Ashe duk Musulmi ne. 'Yan cocinmu kuma ba mai jin Hausa ko ɗaya. Waɗanda ke jin harshena ba sa addu'ata, waɗanda ke addu'ata ba sa jin harshena. Ran Lahadi ina zama a bencin baya, suna waƙa da Turanci, ni ina motsa baki.

Kullum da safe maigida yakan hau bas zuwa St. George, ya tsaya bakin tashar jirgin ruwa yana gai da duk wanda ya ji yana Hausa. Sukan amsa gaisuwa. Da ya ambaci Yesu sai su ce jirgi zai tashi. Ni na samu aikin kula da wata tsohuwa, wanka da shara da canjin shimfiɗa.

Da Kirsimetin farko ya matso, ya ce in yi abin da muke yi a gida: a dafa shinkafa da kaza a kai wa maƙwabta. A gida kuwa, ba mu taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunmu ba. Wani malami maƙwabcinmu ake kira ya yanka, don kowa a layin ya ci ba tare da tambaya ba. Da Sallah kuma naman layya ya shigo mana. Na san wannan sarai. Amma na ga kaza a babban kanti, a fige, a wanke, cikin leda, na ce ai Amurka ce, wa zai tsaya bincike.

Na zuba a kwanoni muka bi ƙofa-ƙofa. Aka karɓa, aka yi godiya. Ƙofar da ke kallon tamu ta wata Hajiya ce 'yar Kumasi, mai manyan hannuwa da babbar murya. Ta buɗe murfin ta shinshina.

Ta ce, "Maman coci, ƙamshi dai ya yi. Wa ya yanka?"

Na ce mata ta kanti ce.

Ta ce, "Kai, 'yar'uwa. Ke da kika fito arewa?" Ta miƙo mini kwanona.

Sauran kwanonin sun dawo a wanke, ba komai a ciki. A wajenmu ba a mayar da kwano haka. Da na je zubar da shara na ga shinkafata a leda.

Maigida ya zauna bakin gado ya ce, "Mun ƙetare teku mu kawo Maganar Allah, ko shinkafa mun kasa shigarwa." Shekarun da suka biyo baya, ranar Kirsimeti a wajen aiki take samuna, don tsohuwar ba ta da kowa. Shi kuma yana tashar jirgi, cikin sanyi da zafi. Ba wanda ya tuba a hannunsa. Wata rana da kaka ya faɗi a can bakin tasha, hawan jini. Bai kai Kirsimeti ba.

Fasto ya tambaye ni, da tafinta, ko zan koma gida. Ƙanena ma ya bugo waya daga gida.

"Yaya, me kike yi can? Wanda aka kira ya tafi. Ki dawo."

Gaskiya ya faɗa. Na rasa dalilin zama, na rasa wurin komawa. Takalman maigida suna bakin ƙofa, ban ɗauke ba. Na ce wa Ubangiji, ni ba ka taɓa yi mini magana ba. Zan sake dafa shinkafar nan sau ɗaya. In kwanoni sun dawo yadda suka dawo da farko, na tafi.

Akwai wani Alhaji ɗan Maraɗi mai shago a ƙasan layinmu, duk ginin wajensa suke sayen gero da daddawa. Na same shi.

Na ce, "Alhaji, kaji nake so ka yanka mini."

Ya ce, "Madam, ga na halal nan a firji."

"Na firji ba wanda ya ga hannun da ya yanka. Naka nake so."

Ya san maigida, yakan ba shi kujera in ƙafa ta dame shi, su yi gardama. Ya ce, "Mijinki ya cika mini kunne da wa'azi, yanzu kuma ke za ki sa ni fawa." Amma ya bar wa ƙanensa shagon. Muka hau jirgin ruwa, muka hau na ƙasa, har Bronx, inda ake sayar da kaji masu rai. Ya roƙi masu wurin suka ba shi wuƙa. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya yanka. Muka dawo da ledoji a cinya.

Ran Kirsimeti na roƙi hutu. Na dafa, na bi ƙofofin ni kaɗai. Ta Hajiya na bari ƙarshe.

Ta buɗe murfi. "Wa ya yanka?"

"Alhaji mai shago. Je ki tambaye shi."

"Ai ya riga ya gaya wa duk ginin." Ta sa hannu ta ɗauki cinya ta gatsa a tsaye. Ta ce, "Shinkafarku ta Najeriya dai sai haƙuri. Amma kazar ta yi."

Na koma ɗaki na ci nawa a kujerar maigida. Dusar ƙanƙara na zuba a taga.

Wasu kwanonin ba su dawo ba. Na Hajiya ya dawo da tuwo da zafinsa, da miyar ayoyo, wato lalo, a wani kwano nata. Ta ajiye ta ce ta ji labarin rasuwar, ba ta san yadda ake yi wa Kirista gaisuwa ba shi ya sa ba ta shigo ba.

Na ce, "Yadda ake yi wa kowa."

Ta cire takalmi ta zauna a ƙasa ta ce, "Ya haƙuri?"

Har yau ban ji wata murya ba, kuma ba wanda ya bi ni coci. Ina nan a bencin baya. Da ƙanena ya sake bugowa na ce masa ba bana ba, akwai kwanon mutane a hannuna da ban mayar ba.