Na Ɓoye Masa Littafin da Zai Ceci Rubutunsa

A wancan lokacin ni ma'aikaci ne a sakatariyar Rabah, kuma a yankinmu ni na fara rubutu a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya sa hannu a ciki. Duk Asabar nakan hau babur zuwa Wurno in koya wa sababbin marubuta kafa hujja: duk maganar da ka rubuta, ka nuna littafi ko jaridar da ka samo ta. Suna ce mini Malam, kaina kuwa ya kumbura.

Sai ga wani mutumin Goronyo ya shigo ajin, sa'ana, ma'aikacin jinya, ɗan masunta. Bai yi wata biyu ba ya rubuta maƙala kan kamun kifi a kogin Rima kafin a gina dam: irin taru da komar da ake jefawa, lokacin hawowar kowane kifi, da yadda sarkin ruwa ke raba wurare. Wallahi ban taɓa rubuta kamarta ba. 'Yan aji suka yi ta yabonsa a gabana, har wata ta roƙe shi ya riƙa duba mata nata rubutun. Ina murmushi, amma ba har zuci ba. Hassada ce, ba ni da wani sunan da zan ba ta.

Kuskurensa ɗaya ne, kuma irin namu ne. A wurin manazarta, inda ake jera hujjoji, ya rubuta cewa daga bakin mahaifinsa ya ji, shi kuma daga kakansa, yadda muke karɓar karatu a zaure. Na san ƙa'idar kundin ba ta karɓar haka. Na kuma san a akwatina akwai wani tsohon littafin bincike da ke tabbatar da yawancin maganganun tsohon. Bayan an tashi ya tambaye ni ko da sauran gyara, ya ce ya karanta wa baban nasa maƙalar, har tsohon ya sa an kira abokansa su ji. Na ce masa babu gyara. Da na koma Rabah na tura wa wani mai sa ido a kundin saƙo, na ce ya leƙa maƙalar nan marar madogara.

Cikin mako biyu aka goge ta, da bayanin cewa ba a tabbatar da abin da ke ciki ba. Ya kira ni, ya ce mutanen da ba su taɓa ganin Rima ba sun ƙaryata mahaifinsa, shi da rubutu har abada. Na ba shi haƙuri kamar mutumin kirki. Bai sake zuwa Wurno ba.

Da damina ta zagayo na ji tsohon ya rasu. Sai a lokacin na ciro littafin, na roƙa aka maido da maƙalar, na sa hujjojin. Aikin bai ci mini awa ɗaya ba. Na je ta'aziyya Goronyo na nuna masa a waya. Ya karanta, ya ce wanda ya rubuta ta dominsa ba zai ji ba, sannan ya kama hannuna ya yi ta sa mini albarka.

Ku da ke koyar da sababbi, in ɗalibi ya fi ku, ku gode wa Allah ku nuna masa inda zai gyara tun da wuri. Ni har yau ban iya gaya wa mutumin nan na Goronyo cewa ni na sa aka goge maƙalarsa ba, kuma duk sallah sai ya kira ya gaishe ni.