Daɓen Kakata da Na Ɓoye a Ƙarƙashin Leda

"Naɗe ledar nan in gani."

Haka Hajiya Baraka ta ce min jiya, tana tsaye a tsakiyar ɗakina. Ita ce babba cikin alƙalan gasar gyaran ɗaki da ƙungiyarmu ta mata ta shirya a nan Gumel. Sharaɗin gasar shi ne a haɗa kayan gargajiya da na zamani.

Ni dai na yi iya ƙoƙarina. Na jera tasoshin kakata kusa da talabijin, wayoyin caji kuma na zuba su cikin adudunta. Abu ɗaya ne ya ba ni kunya. Ƙasan ɗakin daɓe ne, alhali sauran 'yan takara duk tayil gare su. Shi ya sa na shimfiɗa leda na rufe shi.

Na naɗe ta. Hajiya ta cire safa ta taka.

"Wa ya yi daɓen nan?"

"Kakata ce da matan unguwa, Hajiya, tun kafin a haife ni. Ni makuba kawai nake shafa masa duk shekara."

"Haba 'yar nan! A zafin Gumel kina da ƙasa mai sanyi haka, shi ne kika lulluɓe ta da roba?"

Jama'a, ni na zo ta ɗaya! Ledar kuwa tun jiya tana jingine a bayan ƙofa.

Ku fa, me kuka rufe a gidajenku don kada baƙi su gani?