Na Je Gummi Neman Maɗin Inna

Ana sallame sallar asuba muka bar tashar Gusau, ni da abokiyar sana'ata, mu shida a ƙaramar mota. Maigidana bai so tafiyar nan ba. Ya lissafo mini 'yan bindiga da lalacewar hanya, na ce na ji, amma sai na je.

Ga abin da ya tunzura ni. A wani taron masu abincin biki a Abuja, mai koyarwa ya shafe rabin awa yana yabon wata farar giyar inabi ta Faransa, mai zaƙi kamar zuma. Wai a wani yanki kusa da Bordo ake barin inabin a jikin itace, hazon kogi na sauka masa har ya yamutse, zaƙinsa ya taru, kuma da cuku mai gishiri ko hantar agwagwa ake shan ta. Ni ban shan giya, ban sayar da ita. Abin da ya ƙona mini rai shi ne da ya ce mu ba mu da abin sha na gargajiya da ya san garinsu, ya san abincin da ya dace da shi. Nan take na tuna maɗin ɗinya na Inna, yayar mahaifiyata, a Gummi.

Daga mararrabar Mayanci hira ta mutu a motar. Kuɗin mota ya kusa ninka na zuwana na ƙarshe, ramukan hanya kuwa sun fi haka. A Anka muka karya da waina, babura na ta giftawa da masu haƙar zinari, ƙafafunsu jajur da ƙasa. Mai wainar ta ji inda za mu, ta ƙara mana biyu, ta ce Allah ya kai lafiya.

A ƙasar Bukkuyum muka iske motoci sun yi layi. An ce an ga mutanen daji, wato 'yan bindiga, a gaba. Direba ya ce mai son komawa ya sauka, fasinja biyu suka sauka. Abokiyata ta dube ni, na gyara zama. Muna nan har jami'an tsaro suka buɗe hanya.

Da azahar muka shiga Gummi. Na tarar da Inna a gindin murhu, tukunya na tafasa, ƙamshi ya cika gida.

"Ɗiyata, mi yak kawo ki cikin wanga hali?"

Na ba ta labarin Abuja. Ta yi dariya har da tafi.

"Shi wanda yac ce haka, ya taɓa zowa nan?"

Itatuwan ɗinyar suna bayan gari, inda maza ma ke shakkar zuwa yanzu. Inna da tsofaffi huɗu ke fita da hantsi su tsinto. Mutanen daji sun taɓa koro su, sun watsar da ƙwarya sun gudo, bayan kwana biyu suka koma. Na ce ta daina mana.

"In daina in yi mi? Uwata tat tsinta nan, ni ma nan ni ka tsinta. Su za su gaji, ba ni ba."

Ta murje ɗinyar a ruwa, ta tace, ta dafa har ya yi baƙi ya yi kauri. Ta hana ni kurɓa haka nan, ta miƙo mini hoce, gurasarmu ta dawa, da ƙuli mai yaji. Zaƙin ya bi yajin ya kwantar da shi. Da gasasshen kifin gulbi kuwa, abokiyata ta manta da kunyar baƙunta, ta suɗe yatsu.

Washegari muka juyo da jarka biyu, muka iso Gusau lafiya kafin la'asar. Maigida ya sha kofi ɗaya da fushi, ya sha na biyu da murmushi.

Na tafi ina tausayin mutanen can, na dawo ina jin kunyar kaina, don ni ce na shekara huɗu ban taka Gummi ba. Su ba su bar garinsu ba, ba su bar murhunsu ba. Na riga na gaya wa maigida, ɗinyar baɗi da ni za a tsinto.