Zanin da Nsofwa Ta Shiga Ruwa da Shi

Ranar Talatar nan Nsofwa ta riga kaji tashi, kamar yadda ta saba. Watan Oktoba ne, zafi tun da sassafe, rafin Kansoka ya ja baya har duwatsun tsakiyarsa sun fito. Mahaifinta, Ticha Kapembwa, yana kwance ya ji ƙarar bokitan da take ratayawa a keke, ya ji tana zagin sarƙar keken da ta sake zamewa. Ta tafi ba wa lambunta ruwa.

Da hantsi ta dawo, ta shirya 'yarta Lombe zuwa makaranta, ta kawo wa tsohon shayi da dafaffen dankali.

"Baba, ka sake barin tabaranka a kan buhun gari. Wata rana za mu tuƙa su a tuwo."

"Sai ki cinye, ko idonki ya buɗe ki hango mijin aure."

"Na hango guda, ya ishe ni har tsufa."

Shekararta talatin da ɗaya. An haife ta a asibitin ma'aikatan ramin jan ƙarfe, lokacin ramin yana hannun gwamnati, mahaifinta kuma yana koyar da kimiyya a makarantar ma'aikata. Tana aji uku aka sayar da ramin ga wasu 'yan ƙasar waje. Sababbin masu shi suka ce haƙa suka zo yi, ba renon jama'a ba. Aka rufe makarantar, aka sa ƙofar ƙarfe a asibitin. Daga baya kamfanin ya ja waya ya kewaye tudun da gonar uwarta take, har da kaburburan dangi. Tana budurwa ta ratsa wayar da damina don ta tsinci naman kaza a inda ta saba tsinta, masu gadi suka sakar mata kare. Tabon yana ƙaurinta na hagu, ba ta taɓa ɓoye shi ba. Kamfanin ya canja hannu sau biyu, ya canja suna da launin motoci. Nsofwa kan ce karnukan dai ba su canja ba.

Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ƙi neman aiki a wurinsu. Ta kama lambu: tumatir, ganyen kabewa, albasa. Bahaguwa ce, mai kaifin baki, ita ke gyara kekenta da na maƙwabta, ranar Lahadi kuma muryarta ce take danne ta kowa a cikin mawaƙan coci.

Da rana ta take tana bakin titin kamfani, ta jera tumatir kusa da Misozi mai sayar da gyaɗa. Misozi 'yar ƙabilar Angoni ce, Nsofwa 'yar ƙabilar Babemba, kuma tsakanin ƙabilun nan biyu akwai wasa tun kaka da kakanni: zagi halal ne, fushi haram. Suna zaune motocin farar ƙasa suka wuce a guje suka shige kamfani, aka rufe ƙofa. Mai gadin da ke sayen tumatir kullum bai leƙo ba. Daga baya aka san cewa tun hantsi bututun ruwan asid, irin na batir, wanda suke narka dutse da shi, ya fashe a saman rafin. Kamfanin yana da jiniya mai kai wa ƙauyuka huɗu. Suna kaɗa ta kullum in za su fasa dutse. Ranar ba su kaɗa ba.

Rana ta karkata sai aka ji guɗa daga bakin rafi. Mata suna gudu da kwanduna suna cewa kifi ya taso.

Kowace mace a Kansoka ta san abin da wannan ke nufi. In ruwa ya ja baya, akan daka ganyen ububa a zuba a rafi, kifi ya bugu ya taso yana juyi, a kwashe, a ci lafiya lau. Amma akwai ƙa'ida: mai gari ne ke sa rana, a sanar da na sama da na ƙasa, kowa ya samu rabo. Ƙauyen da ya zuba a ɓoye ya ci mutuncin na ƙasa da shi.

Nsofwa ta miƙe tana ɗaure zani. "Kin ga mutanen Chibwe na saman rafi? Sun zuba ba sanarwa! Yau sai na kwashe rabona da na uwata."

"Je ki, jikar masu cin biri. Ku in kuka ga abin banza hankalinku barin jikinku yake."

"Taso mu tafi, 'yar masu cin ɓera."

"Ni? Ruwan da ya wuce idon sawu ba nawa ba ne. Ki kawo mini tarwaɗa mai ƙiba, ni zan tsare miki wannan ruɓaɓɓen tumatir."

Ta shiga har ƙirji, can inda manyan suke. Ruwan yana cizon fata, matan suna dariya suna cewa mutanen Chibwe sun cika hannu, don ububa ma yakan sa ƙaiƙayi. A kan wani dutse santsi ya kwashe ta, ta nutse, ta sha ruwa, ta taso tana tari. Ta ƙarasa cika kwandonta kafin ta fito.

Ticha Kapembwa yana ƙofar gida ta iso da yamma. Ya ɗaga karfasa guda daga kwandon ya buɗe kunnen kifin, ya ga ya ƙone ya yi fari. Ya ga shuɗi-shuɗi a bakin kwandon. Ya sunsuna zaninta.

"Kin sha?"

"Kaɗan ne, Baba. Maƙogwarona ne dai yake zafi."

Ya aika gida-gida kada kowa ya ɗora tukunya. Kafin faɗuwar rana ta fara aman jini. Asibitin kamfani yana nan kusa, ana hango rufinsa. Mai gadi ya ce na ma'aikata ne, bai ko ɗaga sandar ƙofa ba. Sai babban asibitin birni aka kai ta, a bayan motar gawayi. Likitoci suka yi iyakar yinsu, amma ƙodarta ta tsaya. Ranar Asabar ta rasu.

Tun kafin ta rasu kamfanin ya yi magana a rediyo. Ya ce mutanen ƙauye ne suka zuba ganye mai guba don kamun kifi, abin da doka ta hana, kuma yana jajanta wa waɗanda jahilci ya cutar. Aka kama mai garin Chibwe. Cikin kwanakin nan an zazzage farar ƙasa a rafin don ta kashe asid ɗin, an kwashe matattun kifaye da dare da rana, an binne. Ruwan ya wuce da shaidarsa.

Abu guda ya rage. Zanin da ta shiga ruwa da shi yana rataye a bayan ƙofar ɗakinta, ba a wanke ba. Da ya bushe sai ya huhhuje, daga gefen ƙasa har daidai inda ruwa ya kai mata, yana marmashewa in an taɓa. Sama da nan, inda bai daɗe cikin ruwa ba, da sauƙi. Ticha ya shekara ashirin yana nuna wa yara abin da asid ke yi wa auduga. Ganyen ububa ba ya cin tufa. Muddin zanin yana nan, ba wanda zai ce 'yarsa ita ta kashe kanta da wauta.

Kamfanin ma ya san haka. Jami'insu na hulɗa da jama'a ya bi gidajen matan da suka shiga ruwa, yana karɓar tsofaffin zannuwa wai za a ƙone don lafiyar yara, yana ba da sababbi. Duk sun bayar. Saura na Nsofwa.

Kuma ba Ticha ke da iko da shi ba. A wurinsu ɗa na dangin uwa ne, kayan mamaci su ke rabawa, uba ɗan kallo ne. Matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka maganar tana hannun ƙaninta, Kawu Mwila, wanda ke tuƙa bas ɗin ma'aikatan kamfanin.

Washegarin jana'iza aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da kayanta. Jami'in ya zo da buhunan gari da baƙar jakar leda, ya zauna a kujerar da aka ba shi.

"Suruki," in ji Ticha, "komai naku ne. Zanin nan kaɗai nake roƙo."

Kawu Mwila bai dube shi ba. "Ticha, wanda ya tafi ya tafi. Ina da bakuna bakwai a gida. Wa zai biya wa Lombe makaranta in aka karɓe mini makulli?"

"Sun ce ita ta kashe kanta."

"Su faɗa. Faɗa ba ta tada gawa."

Jami'in ya gyara murya. "Baba, don lafiyarku ne. Mu ma wannan rashi ya taɓa mu ƙwarai."

"Jiniyarku ta lalace ne ranar Talata?"

"Wannan ba sashena ba ne, Baba."

Kawu Mwila ya ɗauki zanin da yatsu biyu, ya miƙa. Sai ga Misozi daga wajen murhu, inda Angoni suke dafa abincin makoki kamar yadda al'ada ta ɗora musu. Fuskarta duk gari, tafin hannunta cike da shi. Ta watsa wa Kawu a ka, ta shafa wa jami'in a kwat ɗinsa, ta fizge zanin.

"Ku Babemba ba ku da kunya! Ta mutu da alkawarin tarwaɗata, kuma za ku ba baƙo zaninta? Wannan nawa ne. Tsumma ma ya fi ƙarfinku, masu cin biri."

Jami'in ya miƙe. "Malama, wannan ba abin wasa ba ne."

"A gidan mutuwar Babembe komai abin wasa ne, ɗan nan. Tambayi direbanku."

Ba wanda ya motsa. A ranar makoki abokin wasa ba a tsawata masa, abin da ya ɗauka kuma ba a ƙwacewa. Wanda ya gwada, shi za a yi wa dariya har jikokinsa. Kawu Mwila ya kakkaɓe garin kansa a hankali, ya ce wa jami'in, "Ka gani da idonka, ni na miƙa." Tsofaffin mata suka fara dariya, wasu suna share hawaye. Jami'in ya naɗe jakarsa ya fita. Buhunan garin ma ya sa aka mayar mota.

Aka ci gaba da rabo. Keken ya tafi wurin ɗan Kawu Mwila. Tukwane da farar rigar mawaƙa, ƙanwar uwarta ta ɗauka. Lambun aka bar wa Lombe da sunan gado, ko da yake ƙasar bakin rafin ta yi fari, ba abin da ya sake tsirowa. Takalmanta biyu ba su shigi kowa ba, aka kai coci.

Zanin kuwa Misozi ta kai gidanta ta sa a cikin bokiti mai murfi. Da sati ya zagayo ta raka Ticha Lusaka, babban birnin ƙasar, ita ce riƙe da bokitin a cinya har suka sauka. A jami'a aka yanki gefe guda aka auna, aka sami asid da jan ƙarfe. An saki mai garin Chibwe. Sauran zanin yana ofishin wata lauya, cikin leda mai lamba. Kamfanin ya nemi a ɗage shari'ar, an ɗage, ya sake nema.