Ranar da Bafarafare Ya Daina Zagi

A ƙaramin asibitin da na yi aikin jinya a Tamale, wajen Bulpiela, muna cin abincin rana ne a bayan ɗakin wanki, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya. Akwai Dagomba a cikinmu, akwai 'yar Asante da aka turo daga kudu tana ta ƙorafin zafin rana, akwai ni 'yar zango. Kowa da yarensa, amma in tuwon zafi da miyar ayoyo suka sauka, Hausa ake yi, kowa da irin tasa karyayyar.

Mutum biyu ne ke raya wurin. Ɗaya dattijuwa ce Badagarta mai wankin zannuwan gado, muna kiranta Mma. Ɗayan kuma Bafarafare ne mai tura keken marasa lafiya, dogo, bakinsa ba ya hutawa. Frafra da Dagarti abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. To waɗannan biyun sun ɗauki abin kamar shi ake biyansu albashi a kai.

"Baiwana, yau wane kare ka sata?" in ji shi, tun daga nesa.

"Wanda ubanka ya ɓoye a ƙarƙashin gado," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi.

Mu dai sai dariya, har tuwo ya sarƙe mutum.

Wata safiya Mma tana warware zanin gado sai allura ta soke ta a yatsa. Wani ne ya gama aiki ya bar ta a ciki, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. Na wanke mata wurin, na ja ta ɗakin gwaji tana cewa ita ƙaya ma ta fi wannan zafi. Da sakamako ya fito, likita ya ce tana da ciwon hanta nau'in B, kuma ba wannan allurar ce ta ba ta ba. Ya daɗe a jikinta, wataƙila tun haihuwa. Ya ce hantar ba ta lalace ba, ta riƙa zuwa ana dubawa, ta kuma bar shan giyar fito. Sannan aka ce duk ma'aikata a gwada mu, wanda ba shi da shi a yi masa riga-kafi.

Ita da kanta ta faɗa mana a ƙarƙashin bishiyar. Na yi sauri na bayyana cewa ta jini ake ɗauka, ba ta kwanon abinci ba, na kuma sa hannu a kwanonta don kowa ya gani. Babu wanda ya janye. Na koma bakin aiki ina ganin na gama da matsalar.

Washegari Bafarafaren ya zo, ya ɗan rusuna, ya ce, "Mma, ina kwana? Yaya jiki?" Ya karɓi kwandon wankin daga kanta ya kai mata har igiya. Haka ya ci gaba kullum, ladabi kamar gaban suruka. Ta jefa masa zagi, ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Ni a lokacin har yaba masa na yi a raina.

Mma kuwa ta fara yin shiru. Ta daina cinye tuwonta. Ranar da ya kamata ta ga likita ba ta je ba, sai na bi ta ɗakin wanki da faɗa a bakina. Na same ta tana ninke zannuwa.

"Sista, faɗa mini gaskiya," in ji ta. "Mene dokta ya gaya muku da bai gaya mini ba?"

Na rantse mata babu komai.

"To don me wancan mutum ya bar zagina? Ranar da babana ya mutu, Frafra sun zo sun tsaya kan gawa suna zaginshi, sun ce ya gudu ne da kayan ubangijinshi. Gawa ma suna zagi. Ni kuma ana gaishe ni. Ƙarshen wata zan tafi ƙauye, in mutu gaban mutanena."

Na san in ta tafi ba mai sake duba hantar nan. Na je na sami mutumin yana goge kekensa, na ce masa ladabinsa na neman korar mana mata. Ya ci gaba da goge keken. Daga baya ya ce wansa da irin ciwon ya rasu, ciki a kumbure, idanu sun yi rawaya. In ya buɗe baki zai zage ta, fuskar wan yake gani. Ban iya yi masa faɗan da na zo da shi ba, tausayi ya kama ni.

Ranar riga-kafi ni ce mai yin allurar. Ashe ƙaton nan da ke tura mutane ɗakin tiyata kullum tsoron allura yake ji. Ya zauna ya naɗe hannun riga, gumi na zuba, ya rufe ido. Sai ga Mma a bakin ƙofa, hannunta duk kumfa.

"Ku zo ku ga jarumin Frafra! Sista, kawo zani in goya shi."

Na soka allurar, ya yi wata ƙara da ta sa 'yar Asante ta saki faranti. Mma ta tsaya tana jira, dariyar ta fara gushewa daga fuskarta. Na matse masa auduga da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata. Ya buɗe ido ya dube ta.

"Kai tsohuwa, rufe baki. Hantan da fito ya kasa kashewa shekara da shekaru, wane ciwo zai iya? Ciwon ne ma nake tausayi, ya shiga gidan mayya."

Mma ta jingina da ƙofa tana dariya, hawaye na zubo mata, ta goge da bayan hannu har kumfa ta shiga idonta. Da ta samu numfashi sai ta juyo gare ni.

"Sista, dokta ɗin nan, yana nan yau ko sai gobe?"